Ɗan Akuya da Gadar Ƙarshe

Laraba, da yamma

An dawo da Yaya gida. An naɗe masa idanu da farin bandeji har saman kunnuwa. Baba ne ya riƙe masa hannu daga mota zuwa ɗaki, Yayan da matakalar ƙofarmu ma bai taɓa takawa ba, tsallake ta yake yi. Likita ya ce a jira, kar a kwance, kar haske ya shiga. Umma ta rataya bargo a tagar ɗakinsa.

Na yi masa sannu daga bakin ƙofa. Ina jin bai ji ba. Ni dama ba a cika jina ba. A makaranta malama takan sa ni in maimaita amsa, in sake maimaitawa, daga ƙarshe ta ce in zauna.

Abin da ya faru a wurin aikin su Yaya ba zan rubuta shi a nan ba.

Alhamis, da rana

Bai ci abinci ba. Ya juya wa ƙofa baya.

Asabar, da safe

Yaya shi ne rediyon gidanmu. Yana wanka yana waƙa, yana cin abinci yana ba da labari, har Umma ta ce ya zaɓi ɗaya. Shi ya sa mini suna Shiru. Yanzu gidan duka ya zama ni. Cokali ya faɗi a kicin sai kowa ya waiga.

Takalman aikinsa na nan a bayan ƙofa inda aka ajiye su ranar nan. Ina share gefensu, ba na ɗaga su.

Ni dai abin da nake so Yaya ya koma Yaya. Ko tsokanata ce ya yi, na yarda.

Lahadi, da yamma

Yau an yi abin dariya, kuma Yaya ya yi magana.

Dogo ne ya zo, abokin Yaya mai gyaran waya. Ya shigo da ƙatuwar jaka a rungume kamar jariri. Ashe sabuwar na'urar gem ɗinsa ce, ta wasan bidiyo, wadda ko ƙannensa ba ya bari su taɓa. Ya jona ta da talabijin a falo, ya shiga ɗaki ya yi ta surutu har ya taso Yaya ya zaunar da shi a kujera. Karo na farko ke nan da Yaya ya fito.

Gem ɗin ya buɗe, ni kuwa na saki baki. Wani mutum ne a cikin daji, ruwan sama na sauka a kan ganye, kowane ganye yana rawarsa daban. Umma ta leƙo ta ce wane fim ne wannan. Baba ya tambaya a wace ƙasa aka ɗauka.

Dogo sai zuba yake. Ya ce ana ganin zufa a goshin mutumin, ana ganin gashin girarsa ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Mutumina, wannan sai ka gani da idonka." Sai ya toshe bakinsa da hannu. Ruwan cikin gem ɗin kaɗai ke zuba.

Can Yaya ya ce, "Dogo, kai idan ka je gai da mai karaya, ƙwallo za ka kai masa ko?"

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Na gani. Umma ma ta gani, ta koma kicin da sauri. Dogo ya yi ta ba da haƙuri yana dukan goshinsa, ya ce wallahi bai yi tunani ba, shi dai ya ɗauko abin da ya fi so a duniya ne. Yaya ya ce ya bar ta, Shiru ta kalla.

Litinin, da hantsi

Na kunna na rage ƙara. Ban yi komai ba, na kai mutumin bakin kogi na tsayar da shi. Kifaye suna wucewa ta tsakanin ƙafafunsa. Idan na matsa ruwan ya yi da'ira. Na daɗe a nan.

Talata, da yamma

Yaya ya fito da kansa yana shafa bango. Ya ce ya ji ƙarar ruwa, me ake ciki. Na faɗa masa. Ya ce in ɗaga murya, shi idonsa aka ɗaure, amma ni ina so in sa ya yi zaton kunnen ma ya tafi. Na ɗaga kaɗan.

Ya karɓi hannun gem ɗin, abin da ake sarrafa wasan da shi, ya lalubi maɓallai, ya ce to me zai yi. Na ce ba komai, mutanen cikin gem ɗin suna magana. Muka jira. Ya sake tambaya, na ce har yanzu magana suke. Da suka gama aka rubuta a danna maɓallin ƙasa, ya danna, ƙofa ta buɗe. Sai wata maganar. Daga baya aka zo wani dutse mai tsawo, na ce ya yi hankali, amma yana tura sandar gaba mutumin ya hau shi kaɗai, ya kama nan ya kama can, ko santsi bai ɗebe shi ba.

Yaya ya ajiye hannun a gwiwa ya harɗe hannuwansa. Ya ce in gaya masa ko wani abu ya canza. Na ce a'a, suna ta tafiya abinsu. Ya ce, "Kin gani. Wannan ba ya buƙatata. Ko mutuwa na yi ba zai sani ba."

Umma daga kicin ta ce kar ta sake jin wannan kalmar a gidan nan. Muryarta ta yi wani iri.

Bayan ɗan lokaci ya tambaye ni ko kwalin nan yana saman kabad ɗin Baba har yanzu.

Laraba, da safe

Yana nan. Na hau kujera na sauko da shi, ƙura ta sa ni atishawa. Tsohuwar na'ura ce da Baba ya kawo tun Yaya yana firamare, launinta ya koɗe, an ɗaure wayarta da baƙin salatif. Ta ƙi kamawa. Yaya ya ce in zare kaset ɗin in hura masa iska in mayar. Na ɗauka wasa yake. Na hura, ta kama.

Bayan dajin Dogo, wannan abin kunya ne. Wai ɗan akuya ne, amma murabba'i ne fari da ƙafafu huɗu kamar ashana. Sama shuɗiya ce ɗaya tal, babu ko gajimare. Yana gudu a kan rufin gidaje, akwai ramuka tsakani, tayoyi suna gangarowa, tsuntsaye suna kawo sura.

Amma da kiɗan ya tashi Yaya ya miƙe zaune. Ya bi shi da baki har ƙarshe, bai kuskure ba. Ya ce duk ƙuruciyarsa bai taɓa gama gem ɗin nan ba, gadar ƙarshe ce take cinye shi. Ya ce ni zan zama idon, shi hannu. Abu huɗu kawai zan riƙa faɗa: tsalle, tsaya, duƙa, gudu.

Ɗan akuyan ya faɗa ramin farko. Ya sake faɗawa. Duk rayukansa a wannan ramin suka ƙare, domin kafin in buɗe baki an wuce wurin.

Laraba, da rana

Ya cinye abincinsa. Ya ce a ƙara.

Alhamis, da yamma

Mun gano matsalar. Ni kafin in yi magana sai na fara tunanin ko in yi, sannan in ja numfashi, sannan in faɗa. Yaya ya ce ɗan akuya ba ya jiran mai kunya. Ya ce kar in jira ramin ya iso, ina hango bakinsa in faɗa. Kuma tsalle ya yi tsawo, muka mayar da shi "tsal". Duƙa ya zama "duk". Idan rami mai faɗi ne in ja shi, "tsaaal", shi kuma ya riƙe maɓallin.

Na ce ko in riƙa taɓa masa gwiwa maimakon magana. Ya ƙi. Ya ce gwiwarsa ba ta jin Hausa.

Mun wuce rufin gidaje mun shiga kasuwa. Da muka ci matakin farko ya ɗaga hannu mu tafa, ya kai wa iska, na matsar da nawa ya same shi.

Juma'a, da rana

Mutum biyu daga wurin aikinsu sun zo. Baba ya tsaya da su a waje, bai ce su shigo ba. Ban ji abin da suka ce ba, sai muryar Baba da ta tashi sau ɗaya. Yaya ya ji. Ya ce in kashe, ya gaji.

Umma ta wanke tukunyar da na riga na wanke.

Asabar

Bai fito ba.

Lahadi, da hantsi

Bai fito ba. Na zauna a falo, na'urorin biyu suna kallona.

Na yi wani abu da ban taɓa yi ba. Na kunna tsohuwar, na ƙure ƙara, na riƙa jefa ɗan akuyan a ramin farko da gangan. Yana da wani sauti idan ya faɗi, kamar an saki iskar balan-balan. Na yi ta yi. Ban san sau nawa ba.

Daga ɗaki ya ce, "Shiru, me ɗan akuyan nan ya yi miki?"

Na ce ba ni da hannu, ido kawai gare ni. Da ƙarfi na faɗa, har na tsorata kaina. Na ji gadonsa ya motsa.

Talata, da yamma

Dogo ya dawo duba na'urarsa, ya tarar an lulluɓe ta da mayafin Umma, mu kuma muna kan akuya. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya ce shi ya kawo jirgin sama an ajiye an hau amalanke.

Suka kaure da gardama kamar da. Dogo ya ce mutane sun yi shekaru suna zana dajin nan, kowace bishiya da hannu, a ce ba a gode musu ba. Yaya ya ce an gode, amma sun gama zanen daji sun manta su sa wasa a ciki. Dogo ya ce wannan farin abin ko akuya ne ko firiji ba wanda ya sani. Yaya ya ce firijin nan idan ka yi sakaci ƙiftawar ido ya hukunta ka, idan ka iya kuma ka san kai ne ka iya, ba wani ya riƙe maka hannu ba. Dogo ya ce ai wani gem ɗin ba don wahala aka yi shi ba, don ka shiga wani wuri ne ka huta. Yaya ya ce in hutu yake so ga gado.

Sai Dogo ya juyo ya ce, "Ƙanwata, ke ce mai ido a nan. Raba mu."

Na ce na Dogo idan ina ciki nakan manta ina riƙe da hannun gem, na Yaya kuma nakan manta akwai talabijin. Dogo ya ce to wa ya ci ke nan. Na ce ban sani ba. Yaya ya yi dariya, irin ta da, mai sa shi tari. Ya ce yarinyar nan alƙali za ta zama.

Muka ba Dogo hannu ya gwada akuya da idonsa biyu. Bai wuce kasuwa ba. Ya ce maɓallan ne suka tsufa.

Laraba, da safe

Maƙwabciyarmu ta tambayi Umma ko baƙuwa muka yi, tana jin wata yarinya tana ihu kullum. Umma ta ce ba baƙuwa ba ce, auta ce. Matar ta ce ƙarya ne. Na ɓuya a bayan labule, amma daɗi na ji.

Muryata ta ɗan dishe. Umma ta ba ni ruwan ɗumi da zuma, ta ce bana ta ga abin mamaki.

Alhamis, da yamma

An ɗauke wuta tun rana, babu gem. Bayan Umma ta ba shi magani ya ce in ba shi labarin dajin Dogo, tunda ba zai gani ba tukuna. Tukuna ya ce. Na riƙe kalmar nan.

Na gaya masa kogin da kifayen, da yadda haske yake ratsa ganye ya sauko layi-layi, da wata barewa da take ɗaga kai idan ka matso. Na ce akwai wani wuri a saman dutse da ake hango gari can nesa, hayaƙi yana tashi. Ya yi ta tambaya, wane irin kore, ruwan yana da zurfi, barewar tana gudu ko tana tsayawa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da kowa ba.

Da na gama ya ce kar in gaya wa Dogo, amma zai so ya ga barewar nan.

Asabar, da rana

Mun iso gadar ƙarshe. Yanzu na gane. Katakan suna faɗuwa bayan ka taka, iska tana tura ka baya, tsuntsaye biyu-biyu suke zuwa. Bakina ba ya iya bin ta. Na ce "duk" a wurin "tsal", na ce "tsaya" a kan katakon da yake faɗuwa. Muka yi ta dariya har Baba ya zo ya zauna a hannun kujera. Can na ji shi ma yana cewa "tsal" ƙasa-ƙasa. Yaya ya ce direba ɗaya ya isa mota.

Ba mu haye ba. Mun kai tsakiya.

Lahadi, da yamma

Jibi za a kwance bandejin. Ba wanda ya yi maganar. Umma ta goge masa riga, ta sake goge ta.

Litinin, da rana

Ya ce yau kar mu yi gada, mu koma matakin farko mu yi ta yawo. Ya haye rufin gidajen duka ban ce komai ba, da kiɗan kawai yake aunawa. Da ya gama ya ce, "Kin ga ko yaya ta kasance, ba zan rasa abin yi ba." Ya lalubo kaina ya ja mini kunne.

Talata, da safe

Sun tafi. An bar ni in tsare gida. Na share ko'ina.

Talata, da rana

Shiru.

Talata, da yamma

Sun dawo. Ya shigo da baƙin tabarau, ba wanda ya riƙe masa hannu. Ya tsaya a tsakiyar falo ya juya kai a hankali. Ya nuna ni ya ce wannan abu mai launin rawaya ko ƙanwarsa ce ko labule. Na ce ni ce. Umma tana dariya tana goge ido da bakin mayafi.

Idon hagu yana gani, kamar ta cikin ruwa, an ce zai ƙara washewa. Na dama ba wanda ya ce komai a kansa, ni ma ban tambaya ba.

Likita ya hana shi kallon talabijin da waya sai an ga yadda hali ya yi. Dogo da ya ji ya ce shi ke nan, barewar tasa za ta tsufa tana jira. Ashe Yaya da bakinsa ya gaya masa.

Alhamis, da yamma

Wannan kam dole sai na rubuta.

Tunda an hana shi kallo, Yaya ya juya kujerarsa ya ba talabijin baya. Ni na zauna ina fuskantar talabijin, shi kuma yana fuskantata. Dogo da Baba suna gefe, Umma a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Aka fara, sai na kasa. Duk kwanakin nan ina ihu ne domin ba ya ganina. Yanzu ga shi yana kallon bakina, sai muryar ta maƙale kamar a aji. Ɗan akuyan ya faɗa tun katako na biyu. Ya sake faɗawa.

Yaya ya gane. Ya ce ashe shi ne matsalar, to bari ya rufe. Ya ɗage tabarau ya nuna mini ya runtse idon, idon da muka yi makonni muna roƙon Allah ya buɗe. Umma ta ce yaron nan ba ya jin magana.

Rai ɗaya ya rage. Na manta da kowa. Tsal, tsal, duk, gudu, tsaaal. Na miƙe tsaye ban sani ba. Muka wuce tsakiya, inda ba mu taɓa wucewa ba, katakai suna zubewa a bayanmu. Rami na ƙarshe ya fi duka faɗi, na ja kalmar har numfashina ya ƙare, ɗan akuyan ya sauka a kan ciyawa.

Kiɗa ya canza. Yaya ya ce me ya faru, me ake nunawa. Na ce wani murabba'i ne babba fari ya fito, ƙaramin ya je ya tsaya kusa da shi. Shi ke nan. Dogo ya ce duk wannan wahalar a kan firiji biyu. Amma shi ya fi kowa tsalle, har ya bugi fanka da hannu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A tsakiyar gadar Yaya ya buɗe idon. Tabarau ɗin ya zamo masa kan hanci, na hango shi ta gefe yana kallona yana murmushi, yatsunsa suna ta aiki. Na san yana kallona, kuma na ci gaba da ihu.